Kajin Baba da Makron da Ka Bari

Assalamu alaikum Yaya, tare da gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan kalau muke. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har ta koma yi wa kowa faɗa.

Ina yi maka albishir, na'urar zuba wa kajin Baba abinci ta tsira. Ka san ni na haɗa ta a kan tsohon shirinka na kwamfuta da ka rubuta da yaren C. To, in agogo ya tashe ta, daidai take zubawa, amma da an danna maɓalli sai ta ninka. Kaji suka yi ƙiba har ƙwai ya ja baya. Kawu ya zo da tsani zai kwance ta, yana cewa dama ilimin jami'a bai taɓa ƙosar da kaza ba. Ni dai ina kallon kajin suna tafiya da ƙyar. Baba ya ce in ta sake, a cire.

Na yi ta gyara fanshin ɗin nan mai suna zuba, wato sashen shirin da ke juya injin, shiru. Ashe hannunka mai albarka ya bar makro mai wannan sunan a wani fayil, wai don sauri. Shi makro kafin a harhaɗa shiri yake aiki: duk inda ya ga sunan da baka, wato alamar ( ), a gabansa, sai ya cire ya dasa nasa rubutun. Naka kuwa sau biyu yake maimaita umarnin juya injin. Agogo sunan kawai aka ba shi, ba baka, shi ya sa yake samun fanshin na gaskiya. Maɓalli kuwa da baka yake kiran sunan, shi ne ke faɗawa hannun makron, ɗan kama-wuri-zauna.

Na kulle sunan cikin baka don makron ya kasa gane shi, na kira Kawu ya danna da yatsansa. Awo ɗaya ya zubo. Ya sake dannawa, ɗaya. Daga nan na goge makronka gaba ɗaya, ka yi haƙuri, ba a ajiye zakara biyu a akurki guda.

Yanzu Baba ya ce in haɗa wa ɗayan kejin irinta, Kawu kuma yana gaya wa maƙwabta shi ya ba ni shawara.

Umma da Baba suna gaishe ka. Ka gaida Anti, ka shafa min kan Auta.

Ƙanwarka mai nasara.