Mai Sunan Baba

Litinin, 5 ga Agusta 2024, Dungas

Ɗana Isma'il ya zo daga wurin aikinsa a Dogo-Dogo da hantsi, ya zauna a gefen tabarma yana ta kewaye-kewaye. Daga ƙarshe ya faɗi abin da ya kawo shi. Matarsa Salima tana so ta zauna kwankur, jarrabawar shiga makarantar koyon wasan kwaikwayo a Yamai, ranar 24 ga Satumba. Shekarunta ashirin da biyar, daga bana ba za a sake karɓar takardunta ba. Shi ya amince mata. Abin da suke nema a gare ni shi ne horo, domin a garin nan ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka yi tiyatir, wato wasan dandamali, a zamanin ƙungiyar matasa ta samariya.

Na ce masa suruki ba ya koya wa matar ɗansa tsalle-tsalle. Ya ce ai da bakina na sha faɗa musu suna yara cewa wasa ba tsalle ba ne, ilimi ne. Ban ji daɗin yadda ya kama ni da maganata ba.

Na ce masa sai na yi tunani.

Alhamis, 8 ga Agusta

Na amsa, bisa sharuɗɗa uku. A lakwal, makarantar bokon garinmu, za a yi, a ajin da na koyar shekara goma sha ɗaya, tunda ana hutu. Da safe za a yi. Kuma mai ɗakina Fadi za ta zauna a wurin daga farko har ƙarshe. Fadi ta ce ba ta taɓa samun kujerar gaba a tiyatir ɗina ba sai da haƙorana suka fara zubewa.

Asabar, 10 ga Agusta

Darasi na farko. Salima ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta durƙusa ta gaishe ni, ta zauna a durƙushe. Kafin in samu ta miƙe tsaye sosai, ƙafa a ware, kafaɗa a sake, rana ta ɗaga. Na sa ta numfashi daga ciki, ba daga ƙirji ba. Wannan ta iya. Da na ce ta ƙidaya ɗaya zuwa goma da ƙarfi, ni da nake kamu uku daga gare ta ban ji komai ba bayan huɗu.

Abin mamaki, ita ce wadda nake ji a rediyon gari tana ƴan wasanni kan rigakafi, muryarta na cika mana tsakar gida. Ashe ba murya ta rasa ba.

Talata, 13 ga Agusta

Ruwa tun asuba. Ba darasi. Gero ya fara fitar da kai a gonar arewa.

Juma'a, 16 ga Agusta

Na fitar da ita filin lakwal. Ta tsaya a bakin rijiya, ni a gindin gawo can ƙarshen katanga, na ce ta faɗa mini sunayen garuruwan da ke kan hanyar Magariya. Da nisan ya yi yawa, murya ta fito. Modu mai gadi ya leƙo daga ɗakinsa yana tambaya ko mota ce ke lodi.

Saura ido. Na gaya mata alƙalan jarrabawa ba sa ba wa ƙeya maki. Makon jiya takalmina take kallo. Yau ta kai aljihun rigata. Na rubuta wannan a matsayin ci gaba.

Laraba, 21 ga Agusta

Takardar makaranta ta iso, Isma'il ya bugo ta a Magariya. Kowane ɗan takara zai kawo wasa ɗaya da Faransanci, wanda ya zaɓa da kansa, da ɗaya da harshensa, wanda makaranta ta zaɓa. Na Hausa shafi biyu ne. Wata mata ce ta biyo ƙanenta bakin hanya, zai tafi Libiya bai sallami mahaifiyarsu ba. Ta yi masa faɗa, ta lallashe shi, ya ɗauki jakarsa ya juya. Ta kira shi sau uku. Bai waiwayo ba. Rubutu ne mai kyau, ko wane ne ya yi shi ya san aikinsa.

Sunan ƙanen Sadiƙu.

Na cire tabarau na goge, na sake dubawa. Sunana ne, ba Malam, ba Mushe irin na Faransanci, ba komai a gabansa.

Alhamis, 22 ga Agusta

Mun karanta, ni ina riƙe da layukan ƙanen. Ta yi faɗan da kyau, lallashin ya fi kyau. Da aka zo wurin kira, ta ja numfashi yadda na koya mata, ta buɗe murya har kwanon rufi ya amsa:

"Mai sunan Baba! Mai sunan Baba, ka dawo!"

Fadi ta yi dariya har gyaɗar da take ɓarewa ta zube. Ni ban yi ba. Dole in rubuta gaskiya a nan, tunda ba mai karantawa: daɗi na ji. Shekara huɗu tana gidan nan ba ta taɓa kama sunana ba. Ko mai kayan miya da ke bakin kasuwa, wanda muke suna ɗaya, "mai tattasai" take ce masa. Iyayenta a Danciyawo sun yi tarbiyya.

Amma a Yamai ba za su ji tarbiyya ba. Za su ji yarinyar da ta ɓata rubutu.

Lahadi, 25 ga Agusta

Fadi ta ce a canza sunan kawai, a sa Yasin ko wani, wa zai mutu? Na ce ɗan wasa ba ya taɓa harafin marubuci, haka na koyar shekara da shekaru. Ta ce to in koya wa harafin ya yi wa Salima jarrabawa.

Talata, 27 ga Agusta

Na kira makarantar da salula. Wata mata ta ɗauka, mai ladabi, mai sauri. Na tambaya cikin Faransancin da na fi ji da shi ko ana iya sauya sunan wani a cikin wasan. Ta ce a'a, dukan masu Hausa rubutu ɗaya za su kawo, a nan ake gwada su. Ta tambayi dalili. Na ce ba komai, na gode.

Ni da na hana a taɓa harafi, ni ne na buga waya a ɓoye.

Asabar, 31 ga Agusta

Na tara su a tsakar gida bayan la'asar, Fadi da Isma'il da ita. Na ce a gaban mijinta da uwar mijinta na yafe, na ba ta izini ta faɗi sunan a cikin wasa, ba rashin kunya ba ne, ba kuwa zan riƙe ta da shi ba duniya da lahira. Na tsara jawabin tun safe, ya kuma fito yadda na tsara. Ta yi godiya, kanta a ƙasa.

Litinin, 2 ga Satumba

Izinin bai yi aiki ba. Ta kai "Sa", ta tsaya. Sau shida. A na bakwai hawaye ne ya zo. Na sallame ta.

Saura mako uku.

Laraba, 4 ga Satumba

Na gwada barin ajin. Na sa Fadi ta tsaya a matsayin ƙanen, ni na tafi gindin gawo. Fadi ta ce ko da ba na nan bakin yarinyar bai buɗe ba. Ta kuma ce ita ma kanta shekara arba'in da biyu ba ta faɗi sunan nan ba, don me nake tsammanin ƴar mutane za ta faɗe shi a kwana goma?

Ban taɓa lissafa wannan ba.

Juma'a, 6 ga Satumba

Yau na yi fushi, abin da ba na so. Na ce mata idan ba za ta iya raba ɗan wasa da mutum ba, gara ta zauna a gida, kada ta wahalar da kanta zuwa Yamai. Na ce wanda ke gabanta ba surukinta ba ne, ƙanenta ne, yaro mara ji. Sai ta yi magana, a hankali, mafi tsawo da ta taɓa yi mini:

"Baba, ku gafarce ni. Kun ce in ga ƙanena. Idan na ɗaga kai, hularku nake gani, da babbar riga, kuna zaune a kujerar darakta kuna karanta layukansa kamar kuna ba ɗalibai dikte su rubuta. Ni kaɗai ke wasa a ɗakin nan."

Fadi ta daina ɓare gyaɗa. Na ce darasi ya ƙare.

Asabar, 7 ga Satumba

Ba darasi. Na ce ƙafata ke ciwo.

Litinin, 9 ga Satumba

Har yau ƙafar.

Gaskiyar Salima ce, shi ya sa abin ya yi zafi. Wata guda ina koyar da wasa, ban taka ko sau ɗaya ba. Ina neman ta ajiye kunyarta, ni kuwa ban ajiye ko hula ba. Amma mutum mai shekara sittin da tara, wanda rabin magidantan garin nan suka zauna a ajinsa, ya tsaya kai ba hula a gaban matar ɗansa yana shagwaɓar samari? Modu zai gani. Abin da Modu ya gani da safe, kafin azahar yana majalisar bakin kasuwa.

Laraba, 11 ga Satumba

Na ce wa Fadi ta ɗauko mini tsohuwar rigar ƙwallon Isma'il da jakar da yake zuwa Dogo-Dogo da ita. Ba ta tambaye ni komai ba, ba ta kuma yi dariya ba, wanda ya fi damuna.

Alhamis, 12 ga Satumba

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Na riga su zuwa. Na cire babbar riga da hula na ninke a kan tebur, na tura kujerar darakta bayan allo. Rigar ta matse ni a ciki. Da Salima ta shigo ta gan ni, ta yi baya kamar za ta fita. Ban ba ta damar durƙusawa ba. Na jingina da bango, na karkace kafaɗa, na tura baki, na jefa mata layin farko da muryar yaron da ya gaji da nasiha. Jikina ya tuna abin da na ɗauka ya manta.

Ta dube ni. A ido. Ta fara faɗan, wannan karon har ta nuna ni da yatsa. Na yi mata tsaki, ni, na yi wa surukata tsaki, ta kuwa harzuƙa da gaske. Da lallashin ya ƙare na saɓa jaka na nufi ƙofa.

"Sadiƙu!"

Na juyo na ce, "Na'am."

Ba ya cikin rubutu. Ƙanen ba ya waiwayowa, shi ne dukan ma'anar wasan, ni na bayyana mata hakan da kaina. Amma rabon da wani ya kira ni haka, suna tsirara, da muryar wanda ke da iko da ni kuma yake tsoron rasa ni, tun rasuwar yayata Yakura, shekara goma sha tara ke nan. Ƙafata ta juya kafin in yi shawara da ita.

Muka tsaya muna kallon juna. Na zaci za ta durƙusa ta nemi gafara, komai ya rushe. Sai ta ce:

"Baba, ba a juyowa. A sake."

Muka sake. Sau huɗu. A na ƙarshe ne kawai na iya kaiwa ƙofa.

Juma'a, 13 ga Satumba

A masallaci mutum biyu sun tambaye ni wace ƙungiyar ƙwallo ce ta saye ni. Modu bai yi jinkiri ba. Na ce musu ana kan ciniki.

Asabar, 21 ga Satumba

Sun tafi da motar safe ta Magariya, daga can Damagaram, sannan Yamai. Wasan Faransancin nata matsakaici ne, na gaya mata. Na Hausa ba ni da abin gyarawa.

Talata, 24 ga Satumba

Na yi yini a gona ana yankan gero, salula a aljihu. Da yamma Isma'il ya kira. Ya ce ta faɗa, sau uku, ɗaya daga cikin alƙalan har ya ajiye bik ɗin da yake rubutu da shi.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Sakamako ya fito jiya. Ta samu, ita ce ta tara cikin goma sha biyun da aka ɗauka. Za ta koma Yamai farkon Nuwamba.

Tun dawowarta komai ya koma mazauninsa. Da safe takan durƙusa a bakin ƙofata, kai a ƙasa, "Baba, ina kwana," ta ajiye koko ta fita da baya. Haka ya kamata. Abin da aka yi a aji na aji ne, kuma na yaba da ta san iyakarsa ba tare da an gaya mata ba.

Sai dai murya aba ce mai yin tsatsa idan an ajiye ta, makonni uku kuma ba kaɗan ba ne. Saboda haka yau na ce mata, tunda yara sun koma lakwal, gobe da safe mu ɗan maimaita wasan ƙanen a nan zaure, don kada ta isa makaranta da maƙogwaro a rufe. Ta ce to, Baba.

Fadi ta ce ita a saninta jarrabawa ta wuce, kuma a Yamai wani wasan za a ba ta. Na ce ba ta san sha'anin horo ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta tambaya ko ta wanke rigar.

Na ce ta wanke.