Gwaibar Bakin Katanga

Zuwa ga ƙanwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki? Kada ki ce min ta warke, na san halinki da ɓoye ciwo.

Mu dai muna nan yadda Allah ya ajiye mu. Tun rasuwar baban yara gidan ya yi min faɗi. Har yanzu kofi biyu nake ɗaukowa da safe, sai na zauna nake tunawa.

Ɗanki, wato yaron nan nawa mai fim, ya zo da mutanensa, sun cika lambun marigayi da wayoyi da fitilu. Wai fim zai yi a wurin kafin a raba gado. Na tambaye shi labarin, ya ce na wani magidanci ne da ya rasu ya bar fili, sai aka gano yana da wata mace a waje. Yana faɗa yana dariya, wai ƙirƙira ce kawai, irin abin da 'yan kallo ke so. Ƙanwata, sai na juya na dubi bakin katanga.

Kin san halin marigayi. Duk haihuwa sai ya dasa bishiya a lambun, kuma ya sha faɗa a gaban kowa cewa in ya mutu, kowa ya ɗauki wurin tasa. Yarana huɗu, mangwaro huɗu. To, akwai gwaibar nan ta bakin katanga. Ya dasa ta ne shekarar da matar nan mai ɗinki ta haihu ba miji. Ni ba yarinya ba ce, na ga yadda yake fara ba ta ruwa kafin sauran. Ban taɓa tambayarsa ba, ban kuma taɓa faɗa wa kowa ba sai ke yau.

Ki gaida kowa da kowa.
Yayarki.

Ƙanwata,

Ina gaisuwa, da fatan jiki ya yi sauƙi. Na ga amsarki. Kin ce in yi shiru, wanda ya mutu ya mutu. Da ma haka abin ya tsaya.

Yarinyar da mai ɗinkin ta haifa ta zo gaishe ni. Uwarta ta rasu bara, ita kuma tana aiki a wani shagon magani. Na so in ji haushinta, wallahi na so. Amma da ta zauna ta kama sosa bayan kunne kafin ta yi magana, sak ubanta, sai na rasa inda zan ajiye haushin. Ba ta nemi komai ba. Da za ta tafi ne ta ce, “Mama, ko zan iya tsinkar gwaiba ɗaya?” A nan na gane ta sani.

Ga kuma ɗanki ya ce gwaibar tana tare masa haske, sare ta zai yi. Yayarsa ta ce ai ba ta kowa ba ce, a sare. Na ce a bar min ita, ina sha. Suka kwashe da dariya, wai ni da ƙwayar gwaiba ke sa ni kwana da ciwon haƙori.

In na buɗe baki, na kashe musu uba karo na biyu. In na yi shiru, yarinyar nan ba ta da komai a duniya da ke nuna ta taɓa yin uba. Shi ya yi ɓarnarsa ya kwanta, ni ya bar wa ɗaukar kayan. Ina kewarsa, ina kuma jin kamar in tono shi in tambaye shi.

Ki sa ni a addu'a.
Yayarki.

Ƙanwata,

Gaisuwa irin ta kullum, da fatan kun tashi lafiya.

Na yanke shawarar faɗa wa ɗanki. Na karya, na yi wanka, na nufi lambun ina shirya maganar a baki. Ashe su 'yan fim hasken sassafe suke bi. Na tarar an riga an kwantar da gwaibar, har an faskara an ɗaure.

Mutanen unguwa sun taru suna kallo, yarinyar na cikinsu da rigar aikinta. Ɗanki ya ce yana son wata ta ɗauki itacen ta wuce ta bayan 'yan wasa. Ya duba, ya duba, ita ya nuna. Ya ce fuskarta ta dace, kamar 'yar gida. Ta ɗora a ka ta wuce, ya ce a sake, ta sake. Ina tsaye kamar an dasa ni.

Da aka gama ya yaba mata, ya tambayi sunanta don a sa a ƙarshen fim. Ta faɗa. Ya ce, “Na mahaifi fa?”

Ta juyo ta dube ni, ƙanwata. Ta jira ni. Na sunkuyar da kai ina gyara bakin mayafi.

Ta ce, “A sa nawa kawai, ya isa.”

Ki zo in ƙafar ta bari, ba na son zama ni kaɗai a gidan nan. Ina gaida maigidan.

Taki har kullum,
Yayarki.