Hagu da Dama a Filin Fareti

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Ina nan da raina, sai dai in kika gan ni ba za ki gane ni ba. An yi mini aski tal, tumbin da kike tsokanata da shi ya narke. Gudu da tsallen kwaɗo duk na iya. Abin da ya gagare ni, kada ki yi dariya, shi ne juyi a fareti. Kin san ni bahago ne. Da Sajenmu mai horar da mu ya daka tsawa a juya dama, sai in tsinci kaina ina kallon hagu ni kaɗai. A nan kuwa laifin mutum ɗaya na kowa ne, sai a sa duk 'yan ɗakinmu birgima a taɓo saboda ni. Saje ya ce in na sake ranar gwaji, gida zan koma. Kada ki gaya wa Inna.

Ƙaninki,
Auta

Yayata ta kaina,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna da yara. Albishirinki!

Dogo, wanda gadonsa ke kusa da nawa, ya gaji da cin taɓo, sai ya mai da ni ɗalibinsa. A layin wanka, a wajen goge takalmi, sai dai in ji ya yi tsawa, in juya. Har mintsinin kunnen dama na sha.

Ranar gwaji muka jeru gaban Kwamanda. Aka ce dama, na juya dama. Sai ga ni hanci da hanci da Dogo. Malamin nawa ne ya juya hagu! Yaya, dariya ta taso mini har maƙogwaro, na danne ta, hawaye na zuba, ban motsa ba. Saje ya zo ya tsaya a kanmu, gashin bakinsa na rawa. Ya ce wanda ya iya riƙe wannan dariyar ya iya riƙe bindiga.

Dukanmu mun haye. Dogo ya sha birgima, muka bi shi cikin taɓon ba wanda ya sa mu.

Yanzu ki gaya wa Inna, ta fara shirin zuwa ranar yaye mu.

Naki har kullum,
Auta, soja