Mamaci Ba Ya Danna Kwamfuta

Zuwa ga mai shagon gyaran kwamfuta na bakin tasha, Wudil, wanda ya rubuta wa kansa "Injiniya" a saman ƙofa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida iyalinka. Ni ce Hadiza, matar marigayi Malam Sani, malamin firamare a Utai. Ina cikin takaba, ba zan iya zuwa in tsaya a gabanka ba. A bainar jama'a ka yi taka maganar, don haka tawa ma ba zan ɓoye ta ba.

Na farko. Bayan rasuwar Malam, kwamfutarsa ta kan tebur, wadda yake buga wa yara tambayoyin jarrabawa da ita, ta ƙi tashi. A cikinta akwai bidiyo ɗaya tak da ya rage mana: yana zaune a tsakar gida yana ɓare gyaɗa, yana tsokanar mahaifiyarsa, yana dariyar nan tasa har da riƙe ciki. Bayan sadakar bakwai ƙanensa Auwalu ya kawo maka ita. Ka gyara, ta tashi. Wannan na gode.

Na biyu. Ranar sadakar arba'in, Inna, mahaifiyar Malam, ta taso daga Dagumawa don ta ga fuskar ɗanta a bidiyon. Auwalu ya haɗa kwamfutar da intanet ɗin wayarsa, a tura wa dangi bidiyon. Idon Inna ya yi rauni, sai na matso mata da kujera dab da allon. Ɗanta ya fara magana, ta miƙa hannu tana shafa fuskarsa. Kwatsam hoton wata mace ba sutura ya faɗo a kan fuskar. Na rufe shi, biyu suka fito, ɗaya na caca, ɗaya yana ƙara wai kwamfutar ta kamu da cuta. Ɗakin cike da mata 'yan gaisuwa. Da mayafina na lulluɓe allon. Inna takalminta kawai ta nema.

Na uku. Auwalu ya koma wurinka. A gaban masu cajin waya da 'yan zaman banza na shagonka, ka yi murmushi ka ce ai Malam ne yake shiga wuraren lalata, abin da mutum ya saba kallo shi yake biyo shi. Ka ce babu magani sai a goge komai. Komai, har da muryarsa. Iyakar iliminka ke nan? Kafin Auwalu ya iso gida maganar ta riga shi, washegari tana Dagumawa.

Na huɗu. Ƙanwata Binta ta zo taya ni zama, ta ce bari ta duba. Ta shiga saitin manhajar intanet, ta tarar an ba wasu shafuka izinin aiko da talla, ta toshe su. Ta ga wata manhajar sauko da fina-finai kyauta, ta cire ta. Hotunan suka ɗauke, ba a goge ko ƙwayar harafi ba. Amma kafin ta cire, ta kira ni ta nuna mini ranar da aka saka ta. A ranar, kwamfutar tana kan teburinka, Malam kuwa yana kwance a makabarta.

Wato da kwamfutar marayu ka sauko wa masu sayen fina-finanka kaya, sannan ka shafa ƙazantar a jikin wanda ba zai iya tashi ya kare kansa ba. Karatuna bai wuce firamare ba, amma na san mamaci ba ya danna kwamfuta.

Abu biyu nake nema. Ka tsaya a inda ka yi maganar, a gaban mutanen da suka ji ta, ka janye ta. Sannan ka je Dagumawa, ka durƙusa a gaban Inna, ka faɗa mata da bakinka. Ni na faɗa mata, ta ɗauka rufa wa mijina asiri nake yi. Malam ɗan farinta ne, ko yana raye ba ta kama sunansa don kunya. Yanzu ko an ambace shi sai ta sunkuyar da kai, kuma wannan ba irin waccan kunyar ba ce.

Allon "Injiniya" kuwa ka bar shi, yana yi wa masu caji inuwa.

Allah ya shirye ka, ya albarkaci sana'arka. Ranar da za a kai ka makwanci, kada Allah ya bar sunanka a bakin irinka.

Kujerar Inna tana nan a gaban kwamfutar, ban ɗauke ta ba, sai ta dawo ta ƙarasa kallon ɗanta. Kai nake jira.

Wassalam.

Hadiza, matar Malam Sani,
Wudil.