Masarar da Kika Rataye a Kan Murhu

Zuwa ga mahaifiyata,

Gaisuwa mai yawa da ladabi a cikin sunan Ubangijinmu. Na san inda kike ba a kai wasiƙa, kuma ko da kina nan ma sai an karanta miki, kina tsayar da mai karatun a kowane layi ki ce ya maimaita. Duk da haka zan rubuta, domin ina da tambaya, kuma wata goma sha ɗaya ke nan ina neman wanda zan yi wa.

Mama, me kike dubawa kafin ki yi shuka?

Bayan mun binne ki, da muka shiga gyara ɗakin girkinki a Fadan Kaje, na tarar da goyon masara shida a rataye a kan murhu, hayaƙi ya mayar da ɓawonsu baƙi ƙirin. Jar masararki ce mai ƙananan ƙwayoyi, wadda kika ce kakata ta ba ki da za a kawo ki gidan Baba. Ta cikin rumbu an cinye ta a zaman makoki. Yayyena kuwa duk sun koma irin da ake sayarwa a leda. Na naɗe shidan a tsohon zanenki na hau mota zuwa Kafanchan. Ban da su babu sauran irinki a duniya, kuma ni da na ɗauko su ban san lokacin da ake shuka su ba.

Laifinki ne kuwa, kar ki yi mini wannan kallon naki. Duk ran da na ɗauki fartanya sai ki fizge ki ce, "Ajiye, je ki yi karatu, hannunki na biro ne." Na yi biyayya har na zama malama. Shekara biyar ina zana wa 'yan aji huɗu saiwa da kara da ganye da alli a kan allo, alhali gonaki sun kewaye makarantar ta ko'ina. Ban taɓa ganin wautar hakan ba sai da masararki ta kwana a ɗakina.

Na roƙi Hedimasta ya ba ni ɗan fili a bayan ajinmu, ya ba ni. Ran da na fara ce wa yaran su ajiye littafi mu fita waje, sai suka fita a layi, kai a sunkuye, suka nufi sito, kowa ya ɗauko langa-langa. Wata yarinya Rifkatu, wadda ba ta taɓa makara ba, ta tsaya a gabana da hawaye ta ce, "Malama, mun yi menene? Ba mu yi leti ba."

A nan na gane. A makarantarmu yaro ba ya taɓa ƙasa sai in ya yi laifi. Wanda ya makara ya sare ciyawa, mai surutu ya yi noma, wanda ya faɗi jarrabawa ya kwashe ganye. Mu malamai ne muka koya musu cewa waje wurin horo ne, ni ma a ciki. Na yi dariya, daga baya kunya ta kama ni, na karɓe langa-langan na nuna musu goyon masara shida, na gaya musu na wane ne.

Ruwan farko ya sauka a watan Maris. Washegari Hedimasta ya leƙo ya ce, "Malama, sufeto zai zo. Zai duba sikim ne, takardar tsarin darussa, ba zai duba sama ba." Takarda ta ce makon shuka ne, ni kuma takarda na sani. Na ɓare goyo ɗaya muka shuka. Ta tsiro gwanin sha'awa, yara suna auna ta da rula. Daga nan sama ta rufe bakinta, rijiyar makaranta ta ƙafe, hutun Ista ya zo. Da muka dawo, ba abin da ya rage a kunyoyin sai busassun zare-zare. Na kashe miki goyo ɗaya, Mama. Na koma bayan aji na yi kukan da ban yi ba ran jana'iza.

Ina tuna ki da safe bayan an yi ruwa. Kina zagayawa bayan gida, ki ɗan jima, ki dawo kina goge hannu a zane. Wani lokaci ki ce, "Tukuna." Wani lokaci ki ce, "A fito da iri." Sau nawa na ga wannan, amma ko sau ɗaya ban bi ki ba. Me ke bayan gidan nan? Akwai suri, akwai bishiyar ɗorawa, akwai tsohon ramin da aka haƙi ƙasar gini. Wanne ne yake gaya miki?

Da na rasa mafita, na ba yaran aikin gida irin wanda ba su taɓa gani ba. Na ce kowa ya je wurin wanda ya fi tsufa a gidansu ya tambaye shi yadda ake sanin damina ta zauna. Rifkatu ta dawo ta ce, "Kaka na ya ce sai shinge ya fita sau biyu," wato garan nan mai fiffike da kike soya mana. Wani ya ce kakansa yana tura hannu cikin ƙasa, in laima ta kai wuyan hannu to shi ke nan. Wata ta ce sai an ga shamuwa ta sauka. Adama, 'yar rugar Fulani da ke hayin rafi, wadda da ƙyar ake jin muryarta a aji, ta ce babanta sabuwar ciyawa yake kallo, in saniya ta iya naɗe ta da harshe ta tsinka, ruwa ya zauna. Gardama ta kaure, kowa ya ce kakarsa ta fi sani.

Na ce to, mu gwada duka. Kowace safiya kafin a buga ƙararrawa muna wurin wani suri a bayan makaranta, muna tona ƙasa, muna ɗaga kai sama. Sai tambayoyi suka fara zubowa. Ina shamuwa take zuwa da rani? Me ya sa shinge yake zubar da fiffikensa bayan ya sha wahalar fitowa da shi? Wa yake gaya wa kwaɗi su fara kuka tare? A karon farko a rayuwata na tsaya gaban aji na ce ban sani ba. Ba wanda ya raina ni. Har yau ina son sanin amsar ta shinge.

Aka sake yin ruwa mai ƙarfi. Hedimasta ya zo da kansa har bakin filin ya ce a yi shuka, yara suka zuba mini ido. Laima ba ta wuce tafin hannu ba, shinge sau ɗaya ya fita, Adama tana girgiza kai. Na buɗe baki, sai na ji na ce, "Tukuna." Da muryarki ta fito, har da yadda kike jan ƙarshenta. Hedimasta ya dube ni ya juya. Sufeton ya zo ya tarar da fili fayau, ya rubuta abin da ya rubuta, na sa hannu.

Kwana tara bayan haka alamun suka haɗu, ban da shamuwa, wadda ta ƙi zuwa sai da muka gama. Muka shuka goyo huɗu, na ɓoye ɗaya don tsoro. Awaki sun ci kunya guda, tsutsa ta taɓa wata. Sauran suka yi. Har a cikin dogon hutu yaran suna zuwa duba ta ba wanda ya aike su.

Makon jiya muka raba. Ban bar kowa ya gasa ko ɗaya ba, sun yi ta gunaguni. Kowane yaro ya tafi da goyo biyu, da sharaɗin ya kai wa tsohon da ya amsa masa tambaya, a rataye a kan murhu. Yanzu masararki tana shan hayaƙi a gidaje talatin da ɗaya, har da rugar su Adama, inda ba wanda ya taɓa jin sunanki. Ko na sake yin kuskure baɗi, ba zan iya ƙarar da ke ba.

Ina kewarki, Mama, fiye da yadda na zata babbar mace za ta yi kewar uwarta.

Ubangiji ya ba ki hutawa a wurinsa, ya ba mu ruwa a kan kari, ya ba yaran nan tsofaffin da za su daɗe suna amsa musu. Ni kuma ya gafarta mini duk abin da ban tambaye ki ba tun kina kusa. Amin.

'Yarki ta ƙarshe,
Saratu