An Ce In Zo da Mai Rakiya, Ni Kuwa Ba Ni da Kowa

Anti Rahmat, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure.

Na haura shekara hamsin, sakwara nake sayarwa a nan Azuba, gefen garin Lafia. Da hannuna nake kirɓawa, ban yarda da inji ba, masu ci ma sun san bambancin. Tun farkon damina, da na ɗaga taɓarya sai in ji kamar an ɗora mini buhun doya a ƙirji, ciwon ya bi kafaɗa har haɓa. Na sha maganin olsa har na gaji. Da likita ya duba ni a nan Lafia sai ya tura ni Abuja, wai za a zura wata siririyar roba ta wuyan hannuna har zuciya a ɗauki hoto. Daga hannu har zuciya fa, Anti! Daga nan ban ƙara fahimtar komai ba, kai kawai nake gyaɗawa kamar ƙadangare. Zan fita nas ta ce lallai in je da mai rakiya.

To, nan gizo ke saƙar. Lokacin da maigidana ya kwanta ciwo, an yi sanarwa a coci. Zumuntar mata suka cika gidan da waƙa da addu'a da kulolin abinci. Allah ya saka musu, amma a unguwarmu da an ga zumunta da ankonsu a ƙofarka, an fara yi maka kallon mai tafiya lahira ke nan. Ya rasu, kowa ya kama gabansa, gidan ya koma daga ni sai rediyo. Ba na so a kira sunana a coci, ina raye a fara yi mini zaman makoki.

'Yata ɗaya ce, bari in kira ta Francisca. Tana aure a Fatakwal, ga ɗanyen goyo. Ita ta yi jinyar babanta, har yau ba ta son warin asibiti. Kullum ta kira sai in ce lafiya lau, har da dariya. In na kashe waya in zauna in yi ta kallon bango.

Na yi tunanin in samu wata a tasha in ce ƙanwata ce, mu dawo a motar yamma, washegari in koma kan turmi. Wani lokaci kuma in ce a bar gwajin kawai, ai ba yau na fara ciwo ba. Tsoro nake ji, kaɗaici kuma ya fi ciwon damuna. Fasa ƙirji za su yi? Hannun nan zai sake ɗaga taɓarya?

Mai Sakwara, Azuba

Yaya Mai Sakwara, sannu da jiki.

Ba za a fasa ƙirjinki ba. Hoton jijiyoyin zuciya ne, don a ga ko wata ta tsuke. Idonki biyu za a yi. Za a yi miki allurar kashe zafi a wuyan hannu, wani lokaci a matsematsi, sai a zura robar. Yawancin mutane ba sa jin tafiyarta a jiki. In aka tura ruwan da ke fito da jijiyoyin a hoto, za ki iya jin ɗumi ya ratsa ki, har ki zaci fitsari ya kufce miki. Bai kufce ba, yanzu zai wuce. Aikin bai cika wuce awa guda ba, sai dai in an ga toshewa aka ce a buɗe ta nan take.

Kafin ranar za a gwada jininki da ƙodarki, a gaya miki lokacin da za ki daina ci da sha. Ki kwashi duk magungunanki ki nuna musu, har jiƙe-jiƙen gargajiya, musamman in akwai na suga ko na tsinka jini. In wani magani ya taɓa yi miki illa, ki faɗa. Bayan an gama za a ɗaure hannun, ki huta wasu awoyi. Haɗari akwai, amma bai cika faruwa ba. In wurin ya yi ta zubar da jini, ko ya kumbura, ko hannun ya yi sanyi, maza asibiti.

Taɓarya kuwa, ki jingine ta tun yau, tunda ita ke tayar da ciwon, sai likita ya ce ki ɗauka. Hannun zai warke. In ƙirjin ya kama ki kina zaune, kada ki jira ranar Abuja, ki tafi asibiti nan take. Fasa gwajin ma ki cire shi a ranki.

Sirrinki naki ne, ba dole a yi shela a coci ba. Amma ƙanwar tasha ba za ta riƙe bayanin likita ba, ke kuma kin ce gyaɗa kai kike yi. Ba kuma za ta kwana da ke ranar da kika dawo ba, alhali dole a samu mai kwana. Cikin matan zumunta ba a rasa mace ɗaya mai riƙe baki. Ki same ta ita kaɗai.

Francisca kuma, na gane tausayinta kike ji. Amma kin yanke mata hukunci ba ki tambaye ta ba. Wataƙila ta zo da goyonta, wataƙila ta turo wani, wataƙila waya kawai za ta riƙe har a fito da ke. Duk wanda ta zaɓa, ya fi mata sauƙi a kan ta ji labari a bakin maƙwabta. Ta rasa uba tana gefensa. Kada ki bari uwarta ta shiga ɗakin gwajin nan ita kuwa tana can tana zaton lafiya lau. Ki kira ta yau, kuma ban da dariya.

Allah ya ba ki lafiya, ya sa a yi a sa'a.

Anti Rahmat