Abin da ke Cikin Gwangwanin

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafarki, yaya su Auta? Ni lafiya, ana kula da ni daidai gwargwado a nan gidan Kawu.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Garin furotin ɗin da likita ya rubuta min, saboda ciwon sukari ya ramar da ni, ba shi nake sha ba. Ɗan Kawu mai ɗaga ƙarfe ke kwashewa don ya tara ƙwanji, ya cika gwangwanin da madarar gari mai zaƙi. Ta tagar kicin na gan shi.

Ranar awo sukarina ya hau. A gaban nas, matar Kawu ta ce, "Kada shirunta ya ruɗe ki, ɓeran alawa ce." Har Kawu ya yi dariya. Ni dai na sunkuyar da kai.

Kada ki kira su, Inna, a gidansu nake kwana. Addu'a kawai za ki yi min.

Laraba zan koma asibiti. Na ƙulla cokali biyu na garin a leda na ɓoye a jakata. Bakina ba zai iya ba, amma zan miƙa wa nas ta ɗanɗana.

'Yarki